Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu gangamin dashen bishiyoyi da masu ba su kuɗi

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wannan wasiƙa taku ce, ku ministocin muhalli masu zuwa taron sauyin yanayi duk shekara, da ƙungiyoyin da ke shirya gangamin dashen bishiya, da kamfanonin da ke zuba kuɗi a ciki don a ce sun biya bashin hayaƙin da suke fitarwa. Bari in faɗa tun farko kada wani ya juya min magana, ni ba na gaba da bishiya, inuwarta da amfaninta ba wanda zai musa. Abin da ya dame ni shi ne lissafinku. Duk rahoton da kuka fitar adadin bishiya ne, mun dasa miliyan kaza, za mu dasa biliyan kaza, a taron tattalin arzikin duniya na Davos ma a 2020 tiriliyan ɗaya aka ambata, amma da wuya ka ji an ce ga abin da ya samu ƙasar da aka tona aka saka dashen a ciki. Alhali kuwa, in aka cire teku, babbar ma'ajiyar kabon, wato sinadarin da ke cikin hayaƙin nan mai ɗumama duniya, tana ƙarƙashin takalman da kuke tsayawa da su ku ɗauki hoto.

Ga alƙaluman nan, kuma ba sababbi ba ne, masana ƙasa sun daɗe da su. Mita ɗaya na saman ƙasar duniya yana riƙe da kabon kimanin tan biliyan 1,500, in aka sauka zuwa mita biyu ya kai wajen biliyan 2,400. Duk iskar da ke sama da mu kuwa kabon ɗin cikinta wajen biliyan 900 ne. Duk tsirran duniya, daga manyan itatuwan Amazon har zuwa ciyawar bakin hanya, nasu tsakanin biliyan 450 ne zuwa 650. Kenan in ka haɗa na iska da na tsirrai, kusan nan ne za ka kamo na mita ɗaya kacal na ƙasa. Toh don Allah ta yaya za a yi shirin kabon a ƙirga ƙaramin a bar babban?

Yadda kabon ke shiga ƙasa ba wani sirri ba ne. Tsiro na zuƙar iskar kabon da ganyensa, ya gina jikinsa da ita, wani kaso ya tura ƙasa ta saiwa, ganye ya zuba, saiwa ta mutu, sai tana da gara da funfuna da bakteriya su hau ci. Yawancin abin da suka ci suna numfasar da shi ya koma sama, ɗan abin da ya rage ne ke zama. Kuma abin mamaki babban kaso na wanda ke daɗewa gawarwakin su kansu ƙananan halittun ne da suka manne a jikin ƙwayoyin laka, a nan ne kabon ke iya yin ɗaruruwan shekaru har dubbai. Shi ya sa ƙasa mai laka ta fi riƙo, ta yashi kuwa ko ka loda mata taki ba ta da inda za ta maƙale shi, ba da daɗewa ba ya tafi. Abin kamar randa ce mai yoyo, kana zubawa ta sama yana ɗiga ta ƙasa, yawan ruwan da za ka tarar a ciki ya dogara da ƙarfin zubawa da kuma girman hujin. Zafi da danshi da iska su ne ke faɗaɗa hujin, sanyi da ruwan da ya kwanta ya toshe iska su ne ke tsuke shi.

In kun riƙe wannan, sauran maganar duk za ta zauna daidai. Dajin nan mai duhu na yankin zafi da ruwan sama, wanda kowa ke gani a talabijin ya ce kai, ganye na faɗuwa cikin 'yan watanni ya ruɓe, don haka kaso mai yawa na dukiyarsa a tsaye yake a jikin itace. Dazukan arewacin duniya kuwa na Kanada da Rasha, bishiyoyinsu ba su kai waɗancan ƙiba ba, amma sanyi ya hana ruɓewa, mafi yawan kabon ɗinsu a ƙasa yake kwance. Can gaba da su kuma akwai daskararriyar ƙasa da ba ta narkewa, yankinta na ɗauke da kabon da aka ƙiyasta ya kai wajen tan biliyan 1,500, wannan kam ba dashe ke tsare shi ba, rage ɗumamar duniya ne kawai.

Amma inda na fi so mu tsaya sosai shi ne filin ciyawa, don shi ne wanda kuka fi yi wa rashin adalci. Mutum ya kalli fili fetal ba bishiya sai ya ce wannan wuri ya lalace, a gyara shi. Wa ya ce ya lalace? Ciyawa dukiyarta a ƙasa take. Kowace shekara wani ɓangare na saiwoyinta na mutuwa wasu na fitowa, sirara ne masu yawan gaske, suna ratsa ko'ina suna mutuwa a daidai inda laka za ta kama su, kuma bincike ya nuna kabon ɗin da ya shiga ta saiwa ya fi wanda ya zubo ta ganye zama. Baƙar ƙasar nan ta Yukren da kudancin Rasha da ake ji da ita wajen noma, wadda masanin ƙasa Dokuchaev ya rubuta littafi a kanta a 1883, ai ciyawa ce ta gina ta cikin dubban shekaru. Haka ta tsakiyar Amurka. Yankin Cerrado na Barazil har ana kiransa dajin da ya kifa, saboda abin da ke ƙasa ya fi na sama. Kuma in gobara ta tashi a filin ciyawa saman kawai take lashewa, ajiyar na nan, damina na sauka ya sake tohowa. A daji kuwa gobara mai ƙarfi na iya mayar da abin da aka tara shekara 50 sama cikin kwana biyu. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun yi wannan lissafi a 2018, suka nuna cewa a jihar da fari da gobara ke ƙaruwa kamar tasu, filin ciyawa na iya fin daji zama abin dogaro wajen riƙe kabon.

A 2019 an buga wani bincike a mujallar Science da ya ce akwai hekta miliyan 900 a duniya da za a iya rufewa da bishiyoyi a ajiye kabon tan biliyan 205, wallahi labarin nan ya zaga duniya kamar me, kuma da yawanku a kansa kuka gina jawabanku. Abin da bai zaga ba shi ne martanin da wasu masana suka rubuta a mujallar dai, cewa an cusa filayen ciyawa da sabana (filin ciyawa mai bishiyoyi jefi-jefi) na asali cikin lissafin kamar kangon daji ne, sannan an yi kamar ƙasar wuraren ba ta da kabon tun farko. Wani ɓangare na matsalar ma daga ma'anar daji ta FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, take, wadda ta ce duk wurin da ya wuce rabin hekta, inuwar bishiya ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100, bishiyoyin kuma za su iya kai mita 5, daji ne. Da wannan ma'auni sabana mai bishiyoyi jefi-jefi sai ta zama daji da ya sha wahala, gonar bishiyar turare da aka jera layi-layi don yin takarda ita ma daji ce. A takarda duk ɗaya suke.

Kuma fa an gwada a fili, ba a kwamfuta kawai ba. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu akwai filayen gwaji tun 1954, wasu ana ƙona su a kai a kai wasu an hana musu wuta kwata-kwata. Bayan fiye da shekara 60 aka auna komai har da saiwa da ƙasa mai zurfi, sakamakon ya fito a 2022: inda aka hana wuta rufin bishiya ya ƙaru da kusan kashi 79 cikin 100, jimillar kabon kuwa kimanin kashi 35 kawai ta ƙaru, domin filin da ake ƙonawa dama yana da tasa ajiyar a ƙasa wadda ba a ƙirgawa. Tun 2002 ma Robert Jackson da abokan aikinsa sun duba wuraren da itatuwa suka mamaye filin ciyawa a kudu maso yammacin Amurka, suka tarar a busassun wurare ƙasa ta samu ƙari, a wurare masu ruwan sama kuwa asara ta yi, wani lokacin har asarar ta cinye ribar itacen da ya fito. A Sukotland an dasa bishiyoyi a kan tuddai masu baƙar ƙasa, aka dawo aka auna bayan shekara 12 da kuma 39, bishiyoyi sun girma tubarkalla amma jimillar kabon na wurin ba ta ƙaru ba, abin da aka tara a sama ƙasa ta saki kwatankwacinsa. Wannan in ba tufka da warwara ba mene ne?

Sai maganar ƙasar fit, wato baƙar ƙasar dausayi da ta samu daga tarin matattun tsirrai da ruwa ya hana su ruɓewa. Tana taruwa ne da wajen milimita ɗaya a shekara, ku lissafa da kanku shekara nawa mita biyar ya ɗauka. Kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa kawai ta rufe, amma tana riƙe da kabon wajen tan biliyan 500 zuwa 600, ya fi na jikin itatuwan dazukan duniya gaba ɗaya. Ranar da aka haƙa mata magudana ruwan ya janye iska ta shiga, daga ranar ta fara ƙonewa a hankali ba wuta ba hayaƙi. A Holme da ke gabashin Ingila, lokacin da ake tsane dausayin wurin don noma, an kafa wani dogon ƙarfe a 1851 aka binne shi har kansa ya yi daidai da ƙasa. Yau ƙarfen na tsaye wajen mita 4 a sama, ba wanda ya ɗaga shi, ƙasar ce ta lotsa ta tafi iska. A Indunusiya gwamnatin Suharto ta ƙaddamar da shirin mayar da hekta miliyan ɗaya na dajin fit a tsakiyar Kalimantan gonar shinkafa a tsakiyar shekarun 1990, aka haƙa magudanai na dubban kilomita, shinkafar ba ta yi ba, sai ga fari a 1997, wuta ta kama busasshen fit tana ci ta ƙarƙashin ƙasa wata da watanni. An ƙiyasta gobarar Indunusiya ta wannan shekara ta saki kabon tsakanin tan biliyan 0.8 zuwa 2.6. A 2015 aka sake maimaitawa.

Kada ku ce wannan laifin manoma ne ba ruwan masu dashe. A arewacin Sukotland, yankin Flow Country, a shekarun 1980 rangwamen haraji ya sa masu kuɗi suka riƙa tsane dausayin fit suna dasa itatuwan katako, sai a 1988 aka soke rangwamen. Yanzu kuɗi ake kashewa ana sare bishiyoyin ana toshe magudanan don ruwa ya dawo, kuma a 2024 UNESCO ta saka yankin cikin wuraren tarihi na duniya, saboda dausayin, ba saboda bishiyoyin ba. Sannan a tsakiyar kwarin Kongo sai a 2017 Greta Dargie da Simon Lewis da abokan aikinsu suka bayyana girman dausayin fit da ke wurin, murabba'in kilomita kimanin 145,000, kabon wajen tan biliyan 30. Ku duba fa, 2017, jiya-jiyan nan. Tsare wannan wuri guda daga magudana da haƙar mai ya fi gangamin dashe da yawa da aka haɗa wuri ɗaya, sai dai ba ya ba da hoton minista riƙe da shebur.

Dazukan mangurof na bakin teku su ma haka, wani bincike na 2011 a yankin tekun Indiya da Fasifik ya samu matsakaicin kabon fiye da tan 1,000 a hekta ɗaya, mafi yawansa a cikin taɓon da ke ƙarƙashi. In aka sare aka yi tafkin kiwon jatan lande, taɓon ne babbar asarar.

Yanzu bari mu zo gona, don a nan ne mafi yawan mutane suke. A 2002 wasu masana, Guo da Gifford, sun tattara sakamakon bincike da dama kan abin da ke faruwa da kabon ɗin ƙasa in an sauya amfanin wuri, kuma alƙalumansu sun cancanci a manna su a bangon ofishinku. Daji na asali in ya koma gona, ƙasa na rasa kimanin kashi 42 cikin 100. Makiyaya in aka kafta ta ta koma gona, kashi 59, kun ga ta fi dajin ma asara. Daji na asali in aka sare aka maye shi da gandun dashe, ragin kashi 13. Makiyaya zuwa gandun dashe, ragin kashi 10. Ta ɗaya ɓangaren kuma, gona in ta koma makiyaya ƙarin kashi 19, in ta koma gandun dashe ƙarin kashi 18, in kuwa aka bar ta daji ya dawo da kansa ƙarin kashi 53. Ku lura da kyau, dashen iri ɗaya ne amma a tsohuwar gona riba ne a makiyaya asara ne. Tambayar farko kenan kafin a kawo irin bishiya ko ɗaya, me ke wurin nan kafin mu zo?

Dalilin da ya sa noma ke cin kabon a bayyane yake. Garma na farfasa dunƙulallen ƙasa da kabon ke ɓoye a ciki ta buɗe wa iska hanya, amfanin gona na shekara ɗaya saiwarsa gajera ce, ana girbewa a kwashe har da karan, ƙasa ta zauna tsirara wata da watanni rana na dukanta iska da ruwa na kwasar samanta. An ƙiyasta cewa cikin shekara 12,000 na noma da kiwo ƙasar duniya ta rasa kabon fiye da tan biliyan 100. Amurka ta ga abin da idonta a shekarun 1930 lokacin da aka kafce filayen ciyawar tsakiyar ƙasar fari ya zo ƙura ta riƙa rufe rana, har ta kai an kafa hukumar kare ƙasa a 1935. Tarayyar Sobiyet ba ta ɗauki darasi ba, daga 1954 shugabanta Khrushchev ya sa aka kafce miliyoyin hekta na ciyawa a Kazakistan da Sibiriya, ita ma zaizayar iska ta biyo baya.

Ana iya dawo da wani abu? Ana iya, amma a nan ma ina roƙonku ku rage alkawari. Shuka amfanin rufe ƙasa tsakanin girbi da shuka, a matsakaici yana ƙara kamar tan 0.3 a hekta a shekara. Barin kara a gona, juya amfani da dangin wake, saka ciyawa ta 'yan shekaru cikin juyin, barin bishiyoyi a cikin gona, zuba takin dabbobi, kiwo ba tare da an aske fili ƙwal ba, duk suna taimakawa, kuma ko ba maganar yanayi ƙasa mai kabon ta fi riƙe ruwa ta fi ba da amfani, wannan kaɗai ya isa dalili. A cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila akwai gonar alkama ta gwaji tun 1843, ɓangaren da ake zuba wa takin dabbobi tan 35 a hekta duk shekara kabon ɗinsa ya ninka fiye da sau biyu. Amma ku ji sauran, ƙaruwar da sauri take a farko sai ta yi ta raguwa har ta kusa tsayawa, don kowace ƙasa tana da inda take ƙoshi. Kuma takin nan daga wani wuri aka kwaso shi, in ka ɗebe daga can ka zuba nan ka ce ka cire kabon daga iska, ai wannan sauya wuri ne kawai. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba, kabon ba ya zama a ƙasa shi kaɗai, kusan duk kashi 12 nasa na tafe da kashi ɗaya na naitirojin, kenan tan ɗaya na buƙatar wajen kilo 80 na naitirojin, daga ina zai fito?

Shirin nan na 4 cikin 1,000 da Faransa ta ƙaddamar a taron Faris na 2015, wanda ministan nomanta na lokacin Stéphane Le Foll ya jagoranta, niyyarsa mai kyau ce kuma ya sa an fara ambaton ƙasa a tarukan yanayi, na yaba. Cewa aka yi in kabon ɗin saman ƙasa ya riƙa ƙaruwa da kashi 0.4 cikin 100 duk shekara zai rage taruwar iskar kabon sosai. Sai dai masanan Rothamsted ɗin da kansu sun duba bayanan gwaje-gwajensu na dogon lokaci suka nuna cewa samun wannan a gonaki na gaske, a faɗin ƙasa, na tsawon lokaci, yana da wuya ƙwarai. Gini a hankali yake, rushewa kuwa nan da nan, abin da aka tara cikin shekara 30 sabon mai gona na iya kafce shi ya salwantar da babban kasonsa cikin 'yan shekaru.

Wanda ya kawo ni kan masu sayar da takardar kabon, wato shaidar cewa an ajiye tan kaza na kabon, wadda kamfanoni ke saye don a ce sun biya bashin hayaƙinsu. Ranku ya daɗe ku yi wannan ɗan lissafi tare da ni. Hekta ɗaya, zurfin santimita 30, ƙasar da ke ciki na da nauyin wajen tan 3,900. In kabon ɗinta kashi 1 cikin 100 ne, tan 39 kenan. Ka ƙara tan 0.3 a shekara, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ke wurin ba. Alhali in ka ɗebi ƙasa a nan ka taka taku goma ka sake ɗiba, bambancin da ke tsakanin biyun kan fi wannan nesa ba kusa ba. Toh ta yaya mutum zai zo bayan shekara biyu da samfuri 'yan kaɗan ya ce ya auna ƙari, har ya sayar wa kamfanin jirgin sama? Tauraron ɗan adam kuma saman ƙasa yake gani, shi ma in ba tsiro a kai.

Zurfin ma matsala ne. Ƙa'idar gama-gari ta IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, santimita 30 ce, kuma ana ɗauka cewa sauyin na kammala cikin shekara 20, an yi haka ne don ƙasashe su samu sauƙin haɗa rahoto, ba don ƙasa a nan ta tsaya ba. Jobbágy da Jackson sun nuna a 2000 cewa daga cikin kabon ɗin mita na farko, abin da ke santimita 20 na sama rabi ne a daji, kashi 42 a filin ciyawa, kashi 33 a wurin ƙananan itatuwa, kun ga awo mara zurfi ya fi zaluntar ciyawa da ƙananan itatuwa a kan daji. Noma ba huɗa da aka yi ta tallatawa a matsayin maganin yanayi, da aka zo aka auna da zurfi sai aka ga babban ɓangare na ƙarin tattaruwa ce kawai a sama, ƙasa-ƙasa kuma an samu ragi, jimillar ba ta kai yadda aka zata ba. Yana da amfani wajen hana zaizaya da adana danshi, wannan gaskiya ne, amma a sayar da shi da sunansa. Har ila yau in tarakta ta danne ƙasa ta cushe, santimita 30 ɗin nan zai ƙunshi ƙasa mai nauyi fiye da da, sai lissafi ya nuna kabon ya ƙaru alhali ko ƙwaya ba ta shiga ba. Dole a kwatanta nauyi da nauyi.

Sannan kabon ɗin da ya fito daga kwal da fetur ya yi miliyoyin shekaru a binne, in an ƙona shi wani kasonsa zai yi dubban shekaru yana ɗumama duniya. Kwangilar manomi kuwa ta shekara 10 ce ko 20. Wanda ya ce wannan ya biya wancan, gaskiya ya yi mana wayo.

Don haka ga abin da nake nema a wurinku. Kuɗin farko ya tafi wajen tsare abin da ke ajiye, dausayin fit da mangurof da tsohon daji da filin ciyawar da garma ba ta taɓa shiga ba, a hana sabuwar magudana a fit, wanda aka riga aka tsane a toshe a mayar masa da ruwansa. Kafin a amince da kowane shirin dashe a rubuta a fili me ke wurin shekara 50 ko 100 da suka wuce, in daji ne aka sare toh bismillah, kuma a fara duba ko zai iya dawowa da kansa daga kututture da irin da ke ƙasa, don sau da yawa hakan ya fi arha ya fi kuma kamawa. In ciyawa ce tun asali a bar wa makiyaya da namun daji abinsu. A ɗebi samfurin ƙasa kafin a fara aiki, ba bayan an gama ba, a sauka aƙalla mita ɗaya, a ajiye wani fili a gefe da ba a taɓa ba don kwatance, a adana samfuran a busashe yadda wani zai iya sake aunawa, kuma a saki bayanan a intanet kowa ya gani har da inda aka yi asara. Manomin da ya gyara ƙasarsa a tallafa masa don aikin da ya yi, kada a ɗaure shi da alkawarin tan kaza da ba wanda zai iya tabbatarwa sannan fari ya zo a ce ya karya yarjejeniya.

Rahotonku na gaba kuma, kusa da inda kuke rubuta adadin bishiyar da aka dasa, a buɗe gurbi uku: nawa ne suka rayu bayan shekara biyar, me ke wurin kafin a dasa su, da kuma kabon ɗin ƙasar wurin zuwa zurfin mita ɗaya a ranar farko da kuma yau.

Na gode, ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai bibiyar harkar ƙasa da noma